Ku Tambayi Anti: Ganye, Fure Da Kala A Jikin Yadi Da Takarda

Assalamu alaikum masu karatu, barkanmu da sake haɗuwa a wannan fili. Wannan karon saƙonnin da suka shigo kusan duk akan abu ɗaya suke, wato yadda mutum zai ɗauko abinda idonsa ya gani a jikin bishiya ko fure ya sauke shi akan yadi ko takarda, shine nace bari in haɗa su waje ɗaya in amsa. Wasu na ɗan gajarta su saboda fili amma ban taɓa ma'anar kowa ba.

TAMBAYA: Anti barka da aiki. Na ga wani bidiyo a YouTube ana jera ganye akan farin yadi a naɗe a turara, in an warware sai kiga hoton ganyen ya fito ras. Na gwada da jajayen furanni da ganyen da na tsinko a lambu, ya fito da kyau har na ɗauki hoto na turawa ƙawayena, amma wallahi wanki ɗaya komai ya tafi sai wani dabbare-dabbare kamar an zubar da shayi. Don Allah ina na kuskure? Daga wata mai koyo.

AMSA: Sannu ƙanwata, nasan zafin abin, kuma duk wanda ya taɓa wannan aikin sai da ya ga irin wannan ranar. Matsalar bidiyoyin nan ita ce suna nuna miki lokacin warwarewa ne kawai, aikin kwana biyu ko uku da aka yi ma yadin kafin a ɗora ganye ko ɗaya ba sa nunawa, alhali nan ne aikin yake.

Fara da yadin kansa. Kalar da take fitowa daga tsiro bata zama a yadin roba irin su foliyesta, sai dai ta kwanta a sama ruwa ya zo ya kwashe. Auduga kike so ko lilin ko siliki ko ulu. In baki tabbatar ba ki zare zare biyu uku daga bakin yadin ki kunna musu ashana, auduga tana ƙamshin ƙonanniyar takarda ta bar toka mai laushi, siliki da ulu warin ƙonannen gashi suke yi, na roba kuwa narkewa yake ya dunƙule ya zama wani ɗan ƙullutu mai tauri. Minti ɗaya ne amma zai hana ki asarar sati guda.

Sai wanki, kuma ba irin wankin kaya ba. Sabon yadi yana zuwa da sitaci da maiƙo daga masaƙa, ita kanta audugar tana da wani kaki a jikinta da yake korar ruwa. Ki dafa shi da sodar wanki kamar awa ɗaya zuwa biyu, zakiga ruwan ya koma ruwan ƙasa-ƙasa duk da cewa yadin fari ne tas kika saka, to wannan dauɗar ita ce take tsayawa tsakanin zare da kala. Ulu da siliki kam banda tafasa mai ƙarfi, ruwan zafi da sabulu mai sauƙi ya isa, kuma kar ki cuɗa ulu zai ƙanƙance ya cure.

Bayan nan sai abinda yake ɗaure kala, wanda a littattafan rini ake ce ma modant. Mafi sauƙin samu shine alif. Ki auna yadin yana busasshe, in giram 100 ne to alif giram 10 zuwa 15, ki narkar a ruwan zafi ki tsoma yadin ya samu awa ɗaya, in ya kwana ciki ma yafi. Siliki da ulu wannan ya ishe su. Ita auduga tafi taurin kai, alif baya kama ta da kyau sai an fara jiƙa ta a ruwan abu mai bauri, wato sinadarin da ake kira tanin, irin wanda yake cikin ɓawon rumman da ganyen shayi da ɓawon itatuwa da yawa, shine wannan abin da yake ɗaure miki harshe in kin tauna ɗanyen abu. Tanin ya kama auduga, alif ya kama tanin, kala ta kama alif, haka sarƙar take, in zobe ɗaya ya ɓalle sauran zubewa suke.

Yanzu maganar jajayen furanninki. Gaskiya ko kin yi duk abinda na lissafa, jan fure da shunayyar fure yawanci 'yan ziyara ne, basa daɗewa. Sinadarin da yake basu wannan kalar baya jure rana kuma sabulu yana juya shi, haka ma ruwan jan kabeji ko gwazar nan ja da ake kira bitrut suke ruɗar masu koyo, ranar farko kamar a sace, bayan wata ɗaya toka-toka. Kurkur ma haka, rawayarsa tana da ɗaukar ido amma rana tana cinye ta, sabulu kuma yana maida ita ja. Ganyen da kike raina wa, wanda bashi da wani kyau a ido amma yana da bauri, shine yake barin hoto mai zama. Wata 'yar ƙasar Ostireliya mai suna India Flint ita ce ta yi fice wajen yaɗa wannan salon a duniya, kuma da ganyen yukaliftus ta yi suna, bishiyar da muke ce ma turare, don wasu irinta koren ganye ne zaki ɗora akan ulu ko siliki amma in kin warware ja-ja ne ko ruwan goro zai fito, ko alif ba'a saka ba. Ɓawon albasa ma yana bada rawaya zuwa ruwan zuma mai kyau, ganyen fure mai ƙaya wato wardi yafi furen kansa bada hoto.

In kina son layin ganye ya fito baƙi-baƙi da jijiyoyinsa ɗaya bayan ɗaya, ki haɗa ruwan tsatsa. Tsofaffin ƙusoshi a kwalba, ruwa kashi biyu ruwan khal kashi ɗaya, ki barshi sati ɗaya ko biyu. Ki ɗebi kaɗan ki sirka da ruwa sosai ki tsoma ganyen kafin ki jera. Kaɗan fa nace, ƙarfe in yayi yawa yana cin zaren siliki da ulu kuma yana dusar da duk wata kala mai haske. Ki kwantar da bayan ganyen akan yadi, wato ɓangaren da jijiyoyi suka fito, ki naɗe akan sanda ki ɗaure tamau da igiya don duk inda aka samu sako-sako hoton watsewa yake, ki turara awa ɗaya da rabi zuwa biyu, sannan ki haƙura ki barshi ya kwana. Ni har yau in na tashi da safe na fara kwance igiyar nan, yadin da sanyinsa da ƙamshin dafaffen ganye, na ɗaga ganye na farko na ga har ramin da tsutsa ta ci ya fito a jikin yadi, wallahi wani daɗi nake ji kamar ranar na fara. Ki shanya a inuwa, ki barshi kwana biyar ko sati kafin wankin farko.

Abu ɗaya da bana wasa dashi, tukunyar rini daban ta girki daban, cokali ma haka, ki sa safar hannu ki buɗe taga, kuma ganyen da baki san shi ba kar ki turara don akwai masu guba.

TAMBAYA: Anti ni ɗalibi ne ina koyon zane da fentin ruwa. Duk ganyen da na zana sai ya fito kamar furen roba, na sayi kalolin kore har kala huɗu amma abin bai canza ba. Wane fenti zan saya?

AMSA: Ƙanena kar ka ƙara sayen komai tukuna. Ba a kanti maganin yake ba, kuma zan iya rantsuwa ba tare da na ga zanenka ba cewa ganyen da ke cikin kanka kake zanawa, wanda duk muka koya tun muna yara, dogon ƙwai da layi ɗaya a tsakiya da 'yan layuka gefe da gefe daidai wa daida. Babu bishiyar da take da wannan ganyen.

Ka fita ka karyo reshe ɗaya ka saka a kofin ruwa kusa da taga, ka ajiye fensir gefe, ka kalle shi minti goma. Ganyen bibbiyu suke fitowa suna fuskantar juna ne ko ɗaya nan ɗaya can suke hawa? Jijiyar tsakiya a miƙe take ko ta ɗan karkata, ɓangare ɗaya yafi ɗaya faɗi? Bakinsa sumul ne ko kamar zarto? Zaka ga na saman reshe ƙanana ne masu haske wani lokaci har da ja-ja, na ƙasa sun yi duhu sun yi kauri, wani ya naɗe ya nuna maka bayansa wanda yafi fari, wani rana ta ƙone bakinsa. Waɗannan da kake gani kamar aibi su ne suke sa mai kallo ya yarda ganye ne. Akwai wata mata Maria Sibylla Merian, haifaffiyar Frankfurt a Jamus, a 1699 tana da shekara 52 ta hau jirgin ruwa ita da 'yarta suka tafi Suriname a Kudancin Amurka don kawai ta ga ƙwari da tsirran can da idonta, ta yi kamar shekara biyu, aikin ya fito a 1705. Ka nemi zanenta a intanet ka duba ganyayyakin, da yawa duk a ciccinye suke, ta zana tsutsar da ramin da ta ci da malam-buɗe-littafin da tsutsar zata koma. Sama da shekara 300 kenan har yau in ka kalla kamar ganyen zai motsa.

In zaka fara zanen, jijiyar tsakiya zaka fara ja da layi ɗaya, ita ce take faɗa maka inda ganyen ya dosa, sai ka gina gefuna a kanta. Kuma ka riƙa kallon sararin da yake tsakanin ganye da ganye, in ka zana siffar wannan sararin daidai ganyen da kansu zasu zauna a mazauninsu.

Sai maganar kore. Koren da yake fitowa daga kwalba kai tsaye yayi tsafta da yawa, shine yake baka kamar roba. Ka haɗa naka da rawaya da shuɗi, sannan ka ɗiga ja ɗan mitsitsi a ciki, zaka ga ya lafa ya zama na bishiya. Rawaya da ɗigon baƙi ma suna bada wani kore mai duhu irin na zaitun, mutane da yawa basu san wannan ba. Ganye ɗaya ma ba kala ɗaya bane, inda ya fuskanci sama yana ɗaukar shuɗi-shuɗin sararin samaniya, inda rana ta ratso ta bayansa rawaya yake yi kamar an kunna fitila a ciki. Inuwa kuma kar ka yi ta da baƙi zalla, ka duhunta koren da shuɗi da ɗan ja. Tunda fentin ruwa kake yi ka fara da mai haske ka bari ya bushe sannan ka hau da mai duhu, inda ganye yake ƙyalli kuma ka bar farar takardar yadda take don in ka rufe ta bata dawowa.

In ƙananan abubuwa suna maka wuyar gani kayi dabarar Georgia O'Keeffe ta Amurka, wadda tun shekarun 1920 take ɗaukar fure ɗaya ta cika allo dashi. Ka ɗauki ganye ɗaya ka zana shi ya cika takarda har ya fita gefe, dole idonka ya ga abinda da yake tsallakewa. Kayi haka da reshe ɗaya kullum na sati biyu, har yana bushewa kana zana shi, sannan ka sake rubuto min.

TAMBAYA: Malama na zana furanni a gaban riga da fentin akirilik, da ya bushe wajen yayi tauri kamar kwali, yanzu kuma ya fara tsattsagewa. Akwai gyara?

AMSA: Ɗan uwa wadda ta riga ta tsage kam sai haƙuri, amma ta gaba zata yi kyau. Akirilik in ya bushe roba yake zama, yadi yana lanƙwasa shi baya lanƙwasa. Ko ka sayi fentin da aka yi don yadi, ko ka nemi ruwan sirki na yadi da ake sayarwa tare da akirilik ka haɗa yadda aka rubuta a jikin kwalbar. Ka wanke rigar tukuna, ka saka kwali a ciki kar ya ratsa baya, ka shafa siriri-siriri sau biyu ko uku maimakon ka lafta sau ɗaya. In ya kwana ya wuni ya bushe sai ka ɗora wani ƙyalle a kai ka goge da dutsen guga ba tururi, minti uku zuwa biyar kana motsa shi. Wajen wanki a juya rigar ciki waje, ruwan sanyi.

TAMBAYA: Anti ina son yin labule mai hoton ganye fari a cikin shuɗi. Na haɗa ruwan shuni amma da na ciro yadin kore ya fito, na tsorata na zubar da ruwan duka. Kuma wanda na rina daga baya yana zuba a hannu. Shin shunin ne mara kyau?

AMSA: Kai 'yar uwa, ruwan da kika zubar shine mai kyaun! Da kin riƙe yadin nan a iska minti biyu da kin ga abinda yake sa mutane su kamu da son rini, koren yana juyawa a gaban idonki, daga gefe-gefe yake farawa har ya rufe ya zama shuɗi.

Dalili kuwa shine shuni baya narkewa a ruwa yadda yake. Sai an saka shi a ruwa mai kaifi irin na toka ko farar ƙasa, sannan an cire iskar da take cikin ruwan, ko ta hanyar barinsa ya ruɓa ko da wani sinadari, a lokacin ne yake narkewa ya koma rawaya-kore ya shiga cikin zare. Da kin fito dashi iska ta taɓa shi sai ya koma shuɗinsa na asali, ya maƙale a ciki tunda yanzu ruwa baya iya narkar dashi. Shiyasa shi baya buƙatar alif sam. Lafiyayyen ruwa zakiga samansa yana ƙyalli kamar jan ƙarfe da kumfa mai shuɗi a tsakiya, ƙasansa kuma kore-kore. In ruwan shuɗi ne har ƙasa to bai nuna ba, kuma ina zargin a irinsa kika yi rini na biyu shiyasa yake zuba, don garin ya kwanta ne a saman zare bai shiga ba.

Haɗin da nafi ba masu farawa shine wanda wani Bafaranshe masanin rini Michel Garcia ya yaɗa, ana ce masa ɗaya-biyu-uku, garin shuni kashi 1, farar ƙasa wadda aka kashe da ruwa kashi 2, sukarin 'ya'yan itace da ake kira furuktos kashi 3, a ruwa mai ɗumi sosai. Ki juya a hankali ki rufe ya kwana. Wajen tsomawa ki jiƙa yadin da ruwa tukuna ki matse, ki zura shi a hankali ba fantsama don duk kumfar da kika tayar iska kike mayarwa ciki. Minti biyu zuwa biyar ki ciro, ki baza shi ya sha iska minti goma sha biyar, ki maimaita. Shuɗi mai duhu da yawan tsomawa ake samunsa, sau shida sau takwas, ba da daɗewa a ciki ba. Ƙarshe ki ɗauraye sosai ki sa ɗan ruwan khal a ɗaurayar ƙarshe.

Hoton ganyen kuma hanya biyu ce mai sauƙi. Ko ki zana ganyen ki bi layin da allura da zare mai ƙarfi ki ja ki tsuke, irin wanda Japanawa suka ƙware a kai suke kira shibori, ko ki zana shi da narkakken kaki yadda ake batik a Indonesiya, wanda UNESCO ta saka cikin kayan gadon duniya a 2009. In kaki zaki yi ki bari ruwan shunin ya huce kar ya narke. Kuma ki sani kin shiga tsohon layi, a Huaca Prieta ta ƙasar Peru an tono ƙyallen auduga mai shuni da ya kai shekara 6,000, shunin kamfani kuwa sai 1897 kamfanin BASF na Jamus ya fara sayar dashi.

TAMBAYA: Anti ina ganin zanen William Morris a Pinterest yana burge ni, ina son in buga irinsa a yadi in sayar. Ya halatta in kwafa? Kuma ta yaya ake sa zane ya riƙa maimaituwa ba'a ga mahaɗa ba? Daga wata tela.

AMSA: 'Yar uwa ta fuskar doka, Morris, mai zanen yadin nan ɗan Ingila, ya rasu tun 1896, kuma a yawancin ƙasashe haƙƙin mai zane yana ƙarewa shekara 50 ko 70 bayan rasuwarsa, don haka asalin zanensa ya zama na kowa. Amma ki kula, abubuwa da yawa da kike gani a intanet masu kama da nasa na mutanen da suke raye ne, waɗannan ɗauka ba izini cin haƙƙi ne ko da babu wanda zai kama ki.

Ni dai in shawarata kike so, ki kwafi yadda yayi aiki yafi miki ki kwafi zanen. Mutumin nan daga abinda yake gabansa yake ɗaukowa. Shahararren zanensa na 1883 mai tsuntsaye da 'ya'yan sitiroberi, tsuntsayen da suke shiga lambun gidansa na Kelmscott suna satar 'ya'yan ne ya zana. Kuma a shekarun 1870 da kalolin kamfani suka cika kasuwa, bayan William Perkin yana ɗan shekara 18 ya gano ta farko a 1856 wajen neman haɗa maganin zazzaɓi, shi Morris komawa yayi garin Leek wajen wani marini Thomas Wardle yana koyon rinin tsiro, hannunsa shuɗi har gwiwa. Ke ma akwai wata bishiya ko wani tsiro mai yaɗo da kike wucewa kullum baki taɓa tsayawa kin kalla ba, wanda babu shi a Pinterest ɗin kowa, in kika zana shi yadinki bazai yi kama da na kowa ba.

Maimaituwa kuma dabara ce ta almakashi. Ki samu takarda mai kusurwa huɗu daidai, ki zana reshenki a tsakiya kar ya taɓa gefe ko ɗaya. Ki yanka ta biyu daga sama zuwa ƙasa, ki musanya, na dama ya koma hagu na hagu ya koma dama, ki manne ta baya da salatif. Ki sake yankawa a kwance, na sama ya sauko na ƙasa ya hau, ki manne. Yanzu zanenki ya watsu zuwa kusurwoyi huɗu tsakiya ta zama fili, sai ki cike filin da wasu ganyen da 'yan rassa masu haɗa wannan da wancan, nan ma kar sabon zanen ya taɓa gefe. Ki yi fotokwafi guda tara ki jera uku-uku a ƙasa ki ja da baya ki kalla. Anan ne zakiga in wani fure yayi girma yana jan ido ko wani farin layi ya ratsa, ki gyara tun a takarda kafin ki sassaƙa hatimi ko ki yanka sitensil. Ki bar wa zanen wajen numfashi, masu farawa sun cika cusa komai.

TAMBAYA: Anti ni ko layi ban iya ja ba, amma ina son abinda zamu yi da yarana lokacin hutu da ganye da furanni. Daga uwar yara uku.

AMSA: Maman yara akwai guda biyu da basa buƙatar iya zane. Na farko guduma ce kawai, ki shimfiɗa farin ƙyallen auduga akan katako, yara su jera ɗanyen ganye da fure, ki rufe da wani ƙyallen su riƙa bubbugawa a hankali har ruwan ya fito. Nan take suke ganin hoto, sai dai baya jure wanki, na ratayewa ne ko na manna wa a kati.

Na biyu shine hoton rana, wanda ake kira sayanotaif. Wani masani ɗan Ingila John Herschel ne ya gano shi a 1842, shekara ɗaya bayan nan Anna Atkins ta fara fitar da littafin ciyayin teku da shi, wanda ake ɗauka shine littafi na farko da aka yi da hotuna. Ana sayar da ruwansa kwalba biyu, ana kuma sayar da takarda ko yadin da aka riga aka shafa, da yara wannan na biyun yafi. In na kwalba ne ke zaki haɗa da safar hannu ki shafa a ɗaki mara hasken rana ya bushe a duhu. Yara su jera ganye a kai, ki danne da gilashi, a kai rana minti 10 zuwa 20, sai a wanke da ruwa zalla. Inda ganye ya rufe fari, sauran shuɗi mai zurfi. Ganye mai yanka-yanka da gashin tsuntsu da kan ciyawa sun fi fitowa. In a yadi ne kar ki wanke da omo mai ƙarfi ko bilic, yana maida shuɗin rawaya ya koɗe.

TAMBAYA: 'Yata, mahaifiyata ta bar min wani ƙyalle da ta yi wa ɗinkin hannu na furanni da tsuntsaye, na saka a firem na rataye a falo, yanzu naga jan zaren ya fara koɗewa kuma akwai ɗigo-ɗigo a jikin gilashin ta ciki.

AMSA: Allah ya jiƙan Mama ya sa ta huta. Hajiya don Allah yau ɗin nan ki sauke shi daga bangon. Haske ne yake cin kalar kuma abinda ya ci baya dawowa, shiyasa a gidajen tarihi zakiga ɗakin yadi dishi-dishi, suna tsayar da hasken a wajen laks 50 kawai a ma'aunin haske. Ɗigon da kike gani danshi ne, ƙyallen ya manne da gilashi baya shan iska, in aka barshi fumfuna zata biyo baya.

Ki buɗe firem ɗin a hankali, in ƙyallen ya kama gilashi kar ki fizga. Ki shimfiɗa shi akan farin zanin auduga a ɗaki mai iska ya bushe sarai, kuma kar ki wanke shi, jan zare na da yana iya zuba ya ɓata farin. In zaki mayar a sa masa kwali mara asid a baya, a ɗinke shi da zare maimakon gam, a sa wani kwalin a gefuna yadda za'a samu ɗan sarari tsakaninsa da gilashi, sannan a rataye a bangon da rana bata kaiwa, nesa da kicin da banɗaki. In ajiyewa zaki yi kar ki ninke don zare a kan ninki yake karyewa, ki naɗe shi akan bututun kwali da kika lulluɓe da wankakken ƙyalle, ɗinkin yana kallon waje, banda leda, ki riƙa dubawa duk bayan wata uku saboda asu. Kafin duk wannan ki sa a ɗauke shi hoto mai kyau da rana a inuwa, gaba da baya, a wanke babba ki rataye hoton a inda ƙyallen yake.